Jagora: Yadda Za Ka Mayar da Tsohuwar PS4 Kwamfuta Mai Linux

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Masu gidajen gem da suka koma PS5 suka jingine tsofaffin PS4 a lungu suna yin ta, ɗalibai masu neman abin da za su koyi rubuta manhaja a kai su ma suna yin ta: wai da gaske ana ɗora Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta takwarar Windows, a kan PS4 ta zama kwamfuta? Da gaske ne. Kayan cikinta kayan kwamfuta ne: injin AMD Jaguar mai ƙwaƙwalwa takwas, RAM 8GB, da sashen hoto na Radeon. Kulle ne kawai Sony ya sa mata, kuma tun Disamban 2015 ƙungiyar fail0verflow ta nuna Linux yana aiki a kanta a wani taro a birnin Hamburg na Jamus.

Sai dai gara ka ji gaskiya tun yanzu. Aikin nan na wanda yake da PS4 a hannu ne, tana ajiye ba ta tsinana komai. In kuwa kuɗi za ka ɗauka ka je kasuwa ka sayo ta don kawai ka yi kwamfuta, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo za ta fi yi maka aiki ba tare da wannan wahalar ba. Kada lamba takwas ɗin nan ta ruɗe ka. Kowace ƙwaƙwalwa gudunta 1.6GHz ne a PS4 ta farko da Slim, kusan 2.1GHz a Pro, kuma awaki takwas ba sa jan garmar da bijimi ɗaya zai ja. Za ta yi maka rubutu, lissafi, shiga intanet, kallon bidiyo, da koyon Python. Haɗa fim mai nauyi ba nata ba ne.

Abu na biyu: buɗe kullen nan na Sony ba ya zama. Duk lokacin da ka kashe na'urar, za ta tashi a matsayin PS4 ta gem, sai ka sake buɗe ta kafin Linux ya hau.

1. Duba sigar manhajar na'urar

Wannan lamba ita ke yanke hukunci, ko a ci gaba ko a haƙura. Kunna PS4, shiga Settings, sai System, sai System Information. Layin da aka rubuta System Software shi kake nema.

In ka ga 9.00 ko ƙasa da haka, ka dace. Sigar 9.00 ita ce hanyar da aka fi bi, kuma komai nata ya nuna. Wanda yake kan 5.05 ko 6.72 ma zai iya zamansa a can, don su ma an daɗe da buɗe su, amma ni na fi son a hau 9.00 saboda sababbin kayan aiki sun fi kula da ita.

In lambar ta wuce 9.00 amma ba ta wuce 11.00 ba, akwai hanya, sai dai tana buƙatar wayar LAN da wata kwamfuta a kusa. In ta haura 11.00, akwai wata ɓaraka mai suna Lapse da ta fito a 2025 ta kai har 12.02, amma a wancan lokacin a waɗannan sigogi sai an bi ta faifan Blu-ray na musamman ko wasu gem ƙayyadaddu. Ba ita wannan jagorar ta kama ba.

Gargaɗi: siga tana hawa, ba ta sauka. Goge na'urar gaba ɗaya ba ya mayar da ita baya, canza faifan ajiya ma haka. Akwai masu gyara da ke komawa sigar da ta gabata ta hanyar lanƙaya wayoyi a jikin allon na'urar, amma aiki ne mai haɗari, kuma taki ɗaya kawai yake komawa. Idan wani zai ba ka na'ura ko zai sayar maka, a kunna ta a gabanka ka ga lambar da idonka. Kada ka yarda da rubutun da aka manna a kwali.

2. Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Abin da za ka tanada:

Faifan SSD na 2.5 inci tare da gidansa mai USB 3.0. Mai 120GB ya isa. Filash mai 32GB zai iya ɗaukar Linux, amma zai riƙa jan ƙafa har ka tsani aikin, kuma yawan rubutu yana kashe filash da wuri. In akwai wurin da bai kamata a yi rowa ba, nan ne.

Ƙaramin filash daban, ko da 4GB ne, na sabuntawa da buɗewa.

Kibod da maus masu USB. PS4 ta farko da Slim ramukan USB biyu kacal gare su, Pro tana da uku. SSD zai cinye ɗaya, saura ɗaya, don haka ka sayi mai rarraba USB, ko kibod da maus marasa waya masu amfani da ɗan kan USB guda. SSD ɗin kuwa a jikin na'urar kai tsaye za ka soka shi, kada ya bi ta mai rarrabawa. Ƙarancin wuta yana sa ya yanke ana tsakar aiki.

Monita ko talabijin mai 1080p da wayar HDMI mai kyau.

Wata kwamfuta ta aro na yini guda. Mai sigar 11.00 kuma zai ƙara da wayar LAN, kuma shi arorsa ba ta yini guda ba ce, za mu zo kan haka.

Sai data. Fayil ɗin sabuntawa ya kusa rabin giga, Linux ɗin kansa kuma giga biyu zuwa huɗu gwargwadon wanda ka zaɓa. Ka yi tanadin abin da ya ninka haka, saboda saukewa tana yankewa a sake daga farko. Farashin kayan nan yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya. Ka zaga Farm Centre ko Beirut Road in kana Kano, ko Banex in kana Abuja, ka ji bakin mutum biyu ko uku. Manhajojin duk kyauta ne. Wanda ya ce zai sayar maka da "fayil ɗin Linux na PS4", kuɗin datarsa da lokacinsa kawai ya cancanta.

3. Toshe sabuntawa, sannan ka kai na'urar sigar da kake so

Kafin na'urar ta sake ganin intanet, shiga Settings, System, Automatic Downloads, ka cire duk alamun da ke wurin. Ka koma Power Save Settings, Set Features Available in Rest Mode, ka cire Stay Connected to the Internet. In na'urar ta riga ta sauke sabuntawa tana jira, je Notifications ka goge ta.

Gargaɗin da ya fi wannan muhimmanci na mutanen gida ne. Mafi yawan na'urorin da aka rasa, ba Sony ne ya sabunta su a ɓoye ba. Ƙane ne ya kawo sabon faifan ƙwallo, na'ura ta ce sai an sabunta, ya danna X ya ci gaba da harkarsa. Faifan gem yana ɗauke da sabuntawa a cikinsa, ba ya buƙatar intanet. Ka zaunar da yaran gidan ka faɗa musu, ko ka ɓoye pad ɗin.

Yanzu hawa zuwa 9.00 ko 11.00. Ka sauke fayil ɗin wannan sigar daidai, na sabuntawa, ba na sake ɗora manhaja gaba ɗaya ba, wanda ya fi girma kuma yake share komai. Yi wa ƙaramin filash fomatin zuwa FAT32 ko exFAT. A cikinsa ka buɗe folda mai suna PS4, a cikinta wata mai suna UPDATE, duk da manyan haruffa, ka saka fayil ɗin da sunan PS4UPDATE.PUP. Cire wayar LAN, kashe na'urar gaba ɗaya, sannan ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai. Haɗa pad da waya, zaɓi Update System Software, sai Update from USB Storage Device.

Gargaɗi: kafin ka amince, allon zai nuna lambar sigar da zai ɗora. Karanta ta. In ba ita kake so ba, fasa. Haka nan in wurin saka faifan Blu-ray na na'urarka ya lalace ko an taɓa canza allonsa, dakata: PS4 tana duba wannan sashe yayin sabuntawa, in ba ta gan shi daidai ba sai ta jefo kuskure SU-42118-6 ta maƙale. Irin wannan na'ura a kai ta wurin mai gyara tukuna. Kuma kada ka fara wannan mataki da wutar da ba ka amince da ita ba.

4. Buɗe kullen

Abin da ake nema a nan shi ne GoldHEN ya hau, wata ƙaramar manhaja da ke ba na'urar damar karɓar abin da ba Sony ne ya sa wa hannu ba.

Ga mai 9.00: tsohuwar hanyar ita ce pOOBs4, wadda ta fito a Disamban 2021. Ka sauke ƙaramin fayil mai suna exfathax.img, ka rubuta shi a kan filash da Rufus ko Win32 Disk Imager. Kwafa shi kawai ba ya aiki, sai an rubuta, kuma rubutun yana share duk abin da ke filash ɗin. A kan PS4, buɗe burauza, goge cookies da bayanan shafuka, ka shiga ɗaya daga cikin shafukan da ke ɗauke da buɗewar 9.00. Shafin zai ɗan yi aiki, sannan saƙo ya fito cewa ka soka filash. A nan mutane ke gaggawa. Soka, ka cire hannunka daga pad, ka zuba wa kusurwar allon ido. Sai sanarwa ta leƙo cewa na'urar ba ta gane tsarin wannan filash ba, sannan ne za ka danna OK. In ka danna kafin ta fito, na'urar za ta ɗauke. Da GoldHEN ya nuna ya hau, zare filash ɗin, kuma kada ka bar shi a jiki lokacin kunna na'ura. Sababbin shafuka masu haɗin PSFree, wata ɓarakar burauza, da Lapse sun sauƙaƙa abin, ba sa neman filash ɗin sam. In ka samu irinsu, su za ka bi. Mafi yawan shafukan suna ajiye kansu a cikin burauza bayan shiga ta farko, don haka gobe ba ka buƙatar data.

Ga mai 11.00: hanyar ita ce PPPwn, wadda mai bincike TheFloW ya saki a 2024. Saka fayil ɗin goldhen.bin a filash mai exFAT ko FAT32, a fili ba cikin folda ba, ka soka a PS4. Haɗa wayar LAN daga na'urar kai tsaye zuwa kwamfuta. A PS4 shiga Network, Set Up Internet Connection, Use a LAN Cable, Custom, ka zaɓi PPPoE. Suna da kalmar sirri rubuta duk abin da ka ga dama, sauran ka bar su Automatic, proxy kuma Do Not Use. A kwamfutar buɗe manhajar PPPwn, wadda a Windows take buƙatar Npcap, zaɓi ramin LAN da sigar 11.00, ka tayar da ita, sannan a PS4 ka danna Test Internet Connection. In an dace, za ka ga an rubuta PPPwned. Ba kasafai take kamawa a bugun farko ba, ka bar ta ta maimaita.

Tunda kowace kunnawa sai an sake wannan, mai 11.00 da ba shi da kwamfuta a gida zai buƙaci ɗan ƙaramin allo irin Raspberry Pi ko Luckfox Pico da zai zauna a bayan na'urar yana yin aikin da kansa. Ka sa wannan a lissafin kuɗinka tun farko.

Gargaɗi: in na'urar ta mutu ɗif ana cikin buɗewa, ba ta ƙone ba. Danna maɓallin kunnawa, in ba ta amsa ba ka sake dannawa, za ta duba faifanta ta tashi. Sannan kada ka shiga asusunka na PlayStation Network da buɗaɗɗiyar na'ura. Ya saɓa wa sharuɗɗan Sony kuma suna rufe asusu. Maganar gem ɗin sata kuwa ba ita ta tara mu ba.

5. Gano irin na'urarka, ka sauke fayiloli uku

Akwai wani guntu a allon PS4 da ke kula da USB, faifai da hanyar sadarwa, ana ce masa southbridge. Iri uku ne manya: Aeolia a na'urorin farko, Belize a na tsakiya, Baikal a wasu Slim da Pro na baya-bayan nan. Kada ka yi hasashe da lambar CUH da ke bayan na'urar, tana yaudara. Bayan GoldHEN ya hau, koma System Information, sababbin sigoginsa suna rubuta sunan a wurin. Rubuta shi a takarda.

Fayil na farko shi ne bzImage, zuciyar Linux, kuma dole ya zama na irin guntunka. Na Belize ba ya tashi a Baikal. Aeolia da Belize sun fi samun kulawa. Mai Baikal ya shirya wa ƙarin haƙuri, musamman wajen intanet.

Na biyu initramfs.cpio.gz, wanda ke nemo faifan ya miƙa masa ragama. Na uku shi ne Linux ɗin kansa, a dunƙule cikin fayil mai ƙarewa da tar.xz ko tar.gz. Psxitarch na ƙungiyar PSXITA ta Italiya shi ne tsohon hannu, an gina shi kan nau'in Linux mai suna Arch, ba shi da nauyi. Akwai kuma Fedora, Debian da dangin Ubuntu da aka gyara don PS4. Wanda bai taɓa Linux ba ya nemi dangin Debian ko Ubuntu mai tebur, wato fuskar allon aiki, na XFCE ko LXDE, don amsoshin tambayoyinsa sun fi yawa a intanet.

Gargaɗi: Ubuntu na yau da kullum da ake saukewa don kwamfuta ba zai yi ba, sai wanda aka sa wa direbobin hoton PS4. Kada ka warware initramfs.cpio.gz ko da WinRAR ya nuna maka kamar zai iya. Sunan bzImage kuma ya zauna haka cif, da babban I, ba wani ƙari a gaba ko a baya.

6. Shirya SSD

Akwai hanyar da ake zuba fayilolin uku a faifai mai FAT32 a bar PS4 ta ɗora da kanta. Tana aiki, amma tana da jinkiri, FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB, kuma in ta tsaya a tsakiya ba ka sanin dalili. Na fi son a yi a kwamfuta. In Windows ce a kanta, tayar da ita da filash mai Ubuntu ko Linux Mint ba tare da ka ɗora ba.

Soka SSD, buɗe GParted, manhajar yanka faifai. A kusurwar dama ta sama akwai jerin faifai. Tsaya nan ka duba sau biyu: faifan mai kwamfutar yana cikin jerin, galibi shi ne na farko. Da girma za ka gane naka. In ka zaɓi na mutane, hotuna da takardunsu sun tafi, kuma kwamfutar aro ce.

Daga Device zaɓi Create Partition Table, nau'in msdos. Yanka yanki na farko 200MB, FAT32. Duk abin da ya rage ka mai da shi yanki na biyu, ext4, a wurin Label ka rubuta psxitarch da ƙananan haruffa. Ko da Fedora ko Debian ka zaɓa, sunan nan shi mafi yawan initramfs ke nema. Danna alamar amincewa.

Kwafa bzImage da initramfs.cpio.gz zuwa ƙaramin yankin. Sannan buɗe Terminal a foldar da babban fayil ɗin yake, ka rubuta:

sudo tar -xvJpf sunan-fayil.tar.xz -C /media/sunanka/psxitarch --numeric-owner

Sa sunan fayil ɗinka a madadin sunan-fayil, da sunan mai amfani na Linux ɗin kwamfutar a madadin sunanka. In naka tar.gz ne, sa ƙaramin z a madadin babban J. Sunaye za su yi ta gudu a allo na tsawon mintuna. Da sun tsaya, rubuta sync, jira ya dawo, sannan ka cire faifan ta hanyar da ta dace.

Gargaɗi: kada ka warware fayil ɗin da danna-dama, kada kuma ka bar sudo ko --numeric-owner. In ka bar su, izinin fayiloli zai hargitse, Linux ya tashi har wurin shiga ya ƙi karɓar kalmar sirri, ka yi ta zargin kibod.

7. Saita hoto, ka tayar da Linux

Baƙin allo shi ne kukan da aka fi kawowa, kuma yawancinsa daga nan yake. A PS4 shiga Sound and Screen, Video Output Settings, sa Resolution a 1080p maimakon Automatic, kashe HDR. A System cire alamar Enable HDCP da ta Enable HDMI Device Link. Mai Pro da talabijin 4K shi ma ya sauko 1080p.

Soka SSD da kibod. Buɗe na'urar yadda aka yi a mataki na 4. Sannan ka aika mata payload na Linux, wato ɗan fayil ɗin da ke sauke manhajar Sony ya ɗora bzImage. Shafukan buɗewa da yawa suna da maɓallinsa. In babu, manhajar Payload Guest tana yi, ko ka kunna BinLoader a saitin GoldHEN ka tura daga kwamfuta ta ƙofa 9090. Payload ɗin ya zama na sigarka daidai, na 9.00 ba ya aiki a 11.00.

Za ka ga an rubuta 1GB, 2GB, 3GB, 4GB. Wannan rabon da za a yanka wa sashen hoto ne daga cikin 8GB ɗin nan, don a PS4 tukunya ɗaya suke ci. Mutane suna rugawa ga 4GB suna zaton ya fi ƙarfi, alhali rabin RAM suka bayar. Ga aikin ofis da karatu 1GB za ka ɗauka, ya bar maka wajen 7GB.

Allo zai yi baƙi na ɗan lokaci, sannan farin rubutu ya fara gangarowa, sannan tebur. In ya tsaya a wani layi mai jiran rubutu, bai ga faifan da wuri ba ne: rubuta resume-boot, ko exec start-psxitarch.sh, gwargwadon initramfs ɗinka, wani lokaci sai an maimaita. In ya ci gaba da ƙi, koma ka duba Label ɗin nan.

In kuwa minti biyu sun wuce ba hoto, bi wannan jeri: danna Ctrl, Alt da F2 tare, sannan Ctrl, Alt da F1 ko F7, zare HDMI ka mayar, gwada wani allon. Ƙananan talabijin masu inci 32 da ke cika gidajen gem da yawansu ba 1080p na gaskiya ba ne, kuma su suka fi ƙin nunawa. Monitar kwamfuta ta fi ba da haɗin kai. Sai duk wannan ya gaza za ka zargi bzImage ka nemo wani na irin guntunka.

8. Saitin ranar farko

Suna da kalmar sirrin shiga suna rubuce a inda ka sauke Linux ɗin, kuma duk duniya ta san su. Buɗe Terminal ka rubuta passwd ka canza.

Intanet: gwada Wi-Fi da LAN. In sun ƙi, haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna USB tethering, galibi nan take yake kamawa. Gyara agogo da sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos, ko Africa/Niamey ga mutanen Nijar. Agogon da ya kauce yana sa burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro.

Yanzu babban tarkon. Wanda ya saba Linux hannunsa zai kai ga sabunta komai. Dakata. Direbobin hoton da ke ciki, mesa da libdrm da direban amdgpu na Xorg, gyararru ne don PS4. Sabuntawar gama-gari za ta maye su da na kowa, ka sake kunnawa ka tarar da baƙin allo ko tebur mai rarrafe. Ka ɗaure su tukuna: a dangin Debian da apt-mark hold, a Arch ka jera su a layin IgnorePkg cikin /etc/pacman.conf, a Fedora da layin exclude cikin /etc/dnf/dnf.conf. Wasu masu haɗawa sun riga sun ɗaure, amma ka duba da kanka.

Bayan haka ɗora abin aiki: LibreOffice, Firefox, VLC, GIMP, Python. Bidiyon intanet a 720p ya fi tafiya lafiya, kuma ya fi tausayin data. Don rubuta ɓ, ɗ, ƙ, Linux yana da tsarin kibod na Hausa a cikinsa; a saitin Keyboard nemi Nigeria ka zaɓi Hausa, ko ka rubuta setxkbmap ng hausa. Sauti ta HDMI yake fita, don haka in monitarka ba ta da lasifika sai ka nemi ɗan katin sauti na USB.

Da komai ya daidaita, ka adana bzImage, initramfs da payload ɗin da suka yi maka aiki a wani wuri daban. Shafukan da ke ɗauke da su suna ɓacewa.

9. Wuta, zafi da ƙura

PS4 ba ta da batirin da zai riƙe ta, ɗaukewar wuta kashewar dole ce. Iyakar abin da Sony ya rubuta wa ta farko 250W ne, Slim 165W, Pro 310W, duk da cewa a aikin rubutu ba sa kaiwa kusa da haka. In ka ƙaddara 100W, awa biyar rabin yunit ke nan, ban da monita. A kan sola ko ƙaramar inbata Slim ce ta fi dacewa. Ƙaramin UPS da zai riƙe ka minti biyar ka adana aiki ka kashe ya fi kowane ƙarin kaya amfani, kuma kada ka bar na'urar a jone lokacin da ake sauyawa daga NEPA zuwa janareta.

Kashewa daga cikin Linux ake yi, da Shut Down. Kada ka dogara da Sleep ko Suspend, ba sa dawowa yadda ya kamata. Tunda a SSD na waje komai yake, gem ɗinka da ajiyarsu na ciki ba a taɓa su ba. Cire faifan, ta koma PS4 ɗinta.

Na'urar da ta shekara biyar a gidan gem ta sha ƙurar hunturu ta ƙoshi. In fankarta tana ruri tun kafin a fara komai, a buɗe a share matattarar zafi, a canza man sanyaya da ke kan injin, wato thermal paste. Sukurorin bayanta Torx ne masu ɗan tsini a tsakiya, T8 ko T9. Ajiye ta inda iska ke ratsawa, ba cikin durowar talabijin ba, balle a watan Afrilu.

In wuta ta ɗauke kana ciki, daga baya Linux ya ƙi tashi, kada ka yi saurin sake ɗorawa. Kai SSD ɗin kwamfutar da ka shirya shi, duba sunan babban yankin a GParted, tabbatar ba a buɗe yake ba (in a buɗe yake, zaɓi Unmount), sannan ka rubuta sudo fsck.ext4 -f /dev/sdb2, kana mai sa sunan naka a madadin sdb2. Duk tambayar da ya yi maka ka amsa da y, ka mayar da faifan jikin PS4 ka sake tura payload.